Goma a Awa

Tun da ruwan watan takwas ya ci gindin kwalbati
aka kafa allon nan a gefen dogo:
goma a awa.
Ni aka ba tuta, aka ce in tsaya
taku ɗari biyu kafin inda ƙasa ta zaftare,
tsakanin Gusau da Ƙaura,
inda gonar dawa ta matso har tana shafar tsakuwa.

Jirgi kan taso da kukansa tun daga nesa,
ya hango ni, ya haɗiye fushi.
Ƙarfe mai nauyin gari guda
ya koma taka ƙasa kamar mai ƙaya a dunduniya.
Wani mai jar hula ya leƙo ta taga:
"Malam, ko mu sauko mu tura?"
Tarago ya ɗauki dariya. Ni ma na dara.
Bai ga abin da na gani ran Talata ba,
da heluma Nomau ya zura sanda ƙarƙashin katako,
ta shige har iyakar hannu, ba ta taɓa komai ba.

Aikin ba shi da daɗin kallo.
Diga, shebur, jak biyu, ɗaya na yoyon mai.
A ɗaga ƙarfe, a cusa tsakuwa, a daka,
a sauke, a aza ma'auni,
injiniya ya runtse ido ɗaya ya ce a sake.
Bagudu na ɗaure noti yana kiran 'ya'yansa,
kowane noti da suna,
in ya kai auta ya koma kan na fari.
Da azahar ƙarfe kan ɗau zafi ya yi miƙa,
shi ya sa muke bar masa 'yar kafa a mahaɗa.
Ko ƙarfe ba ya son matsi.

A mako na biyu Tsahara ta gano mu.
Ta lura jirgin da ya saba wuce ƙauyensu
kamar bai san da mutane ba,
yanzu sassarfa ta isa a jera da shi.
Ta miƙa hoce ta taga, kuɗi ya faɗo kan tsakuwa,
ƙanenta na biye yana tsinta.
Kafin wata ya mutu sun zama su bakwai,
rake, ƙuli, dafaffiyar gyaɗa.
Tasha ta tsiro inda ba a zana tasha ba.

Jiya ta ajiye mana ƙullin hoce kan kurar ƙarfe.
"Nomau, gaugawar mi kuka yi?
Ku bar muna noti guda sako-sako
har a yanke dawa."
Nomau bai ɗago ba. Ya ce,
"Notin da zan bari, ɗan wa zai bi ta kansa?"
Ta yi shiru, ta ɗauki faifanta.
Hocen dai ta bar shi.

Gobe za a cire allon.
An gwada da jirgin kaya, ƙasa ba ta motsa ba,
injiniya ya sa hannu a takarda bisa gwiwarsa.
Zan naɗe tuta in bi kura zuwa wata ɓarakar,
dogo ba ya rasa inda ke masa ciwo.
Jirgi zai wuce nan da gudunsa na da,
tagogi su haɗe su zama zare ɗaya,
mai jar hula ba zai san ya taka gumin kowa ba.
Haka ake so.
Gyaran da ya yi kyau ba a jin sa a kujera.

Sai dai wata biyu na yi ina ganin fuskoki:
mai goyon da ke nuna wa ɗanta tutata,
ɗan sandan da kullum barci yake, baki buɗe,
da tsohon da ya tambaye ni ko an yi ruwa a Ƙaura
har ya sami lokacin jin amsa.